Kawu da Shafin Ruwan Jiratawa

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Kafin la'asar gidansa na unguwar Zariya a Maradi ya cika, maza a waje ƙarƙashin rumfa, mu mata a tsakar gida bisa tabarmi. Inna, wadda ita ce ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta yi kuka ba a ranar. Tabaransa ta ɗauka ta riƙe, duk wadda ta durƙusa ta ce mata ya haƙuri, sai ta amsa tana goge gilashin da bakin mayafinta. Matarsa kuwa, Hajiya, kuka da dariya ta riƙa haɗawa. Ta nuna wa mata tsohuwar rediyon da ke kan taga ta ce, "Kun gan ta nan, da ita na iske shi. Sau nawa yara na sawo mashi sabuwa, sai ya ce wagga mi ta yi maku?"

Ina zaune ina sauraren masu gaisuwa, sai na lura yawancinsu ba su san ainihin aikinsa ba. Wata ta ce ai mai gyaran waya ne. Wata ta gyara mata, ta ce a'a, mai buga takardu ne a Sabon Gari.

Ranar addu'ar uku aka aiko wai ana sallama da ni a zaure. Na fita na tarar da manoma shida daga Jiratawa, sun ajiye daurin zogale da buhun albasa a gefe. Sakataren ƙungiyarsu na cikinsu, dattijo mai ɗan gemu wanda muka daɗe muna aiki tare. Ya yi mini gaisuwa, ya yi wa Kawu addu'a mai tsawo, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ki yi haƙuri da tambayata, na san ba lokacinta ba ne. Shafin nan namu na ruwa, yanzu ƙaƙa za shi kasance?" Yana rufe baki kunya ta kama shi, wani tsoho a bayansa ya zungure shi da gwiwar hannu. Ni kuwa tambayar ba ta ɓata mini rai ba. A duk mutanen da suka zo gaisuwa, su ne suka san abin da aka rasa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Da na koma ciki ne hawayen da na riƙe kwana uku suka zubo.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Aikin Kawu irin wanda ba a gani ne. Babu sunansa a kan ko shafin intanet ɗaya da ya gina, kuma idan mu da muka zauna kusa da shi ba mu faɗa ba, nan da 'yan shekaru za a ce mai buga takardu ne kawai.

Gaskiya da buga takardun ya fara. Yana saurayi ya yi aiki a wani buro na gwamnati, yana buga wasiƙu da keken rubutu, yatsu goma, idonsa na kan takarda ba ya kallon hannunsa. Da aka kawo ordinatar ta farko ofishin, wato kwamfuta, manyan ma'aikata suka rufe ta da zane suna tsoron taɓawa, shi ne ya buɗe ta. Bayan ya ajiye aiki ya kama shago a Sabon Gari, ana buga takardu ana hoton takarda, daga baya ya sa injina huɗu mutane na zuwa shiga intanet. A nan ya koya wa kansa rubuta shafuka, daga wani littafin Faransanci da aka yi wa hoton takarda har wasu layukan sun dushe. Yaren da ya koya a littafin shi ne PHP, kuma da shi ya zauna har ƙarshen ransa.

Ga wanda bai san sana'ar ba: shafin intanet rubuta shi ake yi, umarni bayan umarni, da wani yare da inji ke ganewa. Yarukan suna da yawa, kullum kuma ana fito da sabbi. Akwai kuma abin da muke kira firamwok, wato aikin da wasu suka riga suka tsara, kai sai ka ɗora naka a kansa. Kawu tsaiko yake ce masa, irin na ɗakin ciyawa. Ya kan ce ba shi da faɗa da tsaiko, amma kafin ya hau kansa sai ya san wa ya ɗaura shi, kuma damina nawa ya gani.

Yana da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da yake ajiyewa a aljihun tebur. Duk shafin da ya gama, sai ya ɗauke ta, ya hau kabu-kabu zuwa Tibiri, ya wuce gari kaɗan inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke rauni, ya tsaya gindin wata bishiya ya gwada buɗewa. Idan ya ƙirga goma shafin bai fito ba, ya dawo ya rage masa kaya. Masu kabu-kabu na bakin shagon sun san wannan tafiya, har tsokanarsa suke, "Baba, yau ba a zuwa gwaji?" Akwai ranar da wani Alhaji cikin manyan 'yan kasuwa ya zo da wayarsa mai tsada, ya nuna masa shafin wani kamfani na ƙasar Larabawa, hotuna na yawo suna juyi, ya ce irinsa yake so. Kawu ya duba ya ce, "Alhaji, wa za ya buɗe shi?" Ya ce direbobinsa da abokan cinikinsa na kan iyaka. Kawu ya miƙa masa tsagaggiyar wayar ya ce, "To buɗe shi da wagga, irin ta hannunsu ce." Alhaji ya yi fushi ya tafi wurin wani. Irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma Hajiya ta sha faɗa masa cewa gaskiyarsa ba ta da gishiri. Tana da hujja. Kawu yana da taurin kai, bakinsa kuma yana da kaifi, ya kori masu kawo aiki da yawa waɗanda da lallashi da sun zauna.

Shafin Jiratawa shi ne aikin da ya fi ji da shi. Na wata ƙungiyar manoman rani ne, suna raba ruwan famfunan rijiyoyin burtsatse a tsakaninsu, kowa da ranarsa da awowinsa. Idan famfo ya lalace ko aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, layin duka sai ya sauya, a nan rigima ke tashi. Kawu ya yi musu shafi fari fat, baƙin rubutu, babu hoto ko ɗaya. Sakatare ya shigar da sauyi, kowane manomi ya duba a wayarsa ko ta ɗansa ya ga yaushe ruwa zai zo gonarsa. Iyakarsa ke nan, kuma ya yi shekaru yana aiki.

Ni ce na zo na ce bai isa ba.

Na dawo daga karatu a Yamai da takardar shaida da kuma kai mai zafi. Kawu ne ya sa ni a wannan hanya tun ina lakwal, wato makarantar boko, shi ya shawo kan Baba ya bar ni na tafi, saboda haka da na dawo shagonsa na nufa kai tsaye. Ya buɗe mini rubutun shafin Jiratawa yana murmushi, kamar mai nuna gonarsa. Na duba na ga abu guda dogo, komai a cakuɗe, irin wanda malamanmu suke nuna mana a matsayin misalin yadda ba a yi. Sakatare na zaune a wurin, ya kawo wani gyara. A gabansa na ce, "Kawu, ai duniya ta wuce nan. Wannan aikin tsofaffi ne."

Murmushin ya ɗauke. Ya cire tabarau ya ajiye a tebur.

"To, ɗiyata, mi ake yi yanzu?"

Na zayyana masa sabon firamwok da kowa ke magana a kansa a lokacin, na wani yare daban, mai sa shafi ya yi motsi kamar manhajar waya. Ya saurare ni har na gama.

"Shekararshi nawa?"

Na ce biyu, ko uku.

"Nan Maradi mutum nawa ne sunka iya shi?"

Na ce ni na iya.

"Ban ce ke ba. In kina kwance fa?"

Na ce, "Kawu, tsoron sabon abu kake yi kawai." Wannan kalma har yau tana ci mini rai. Ya juya ga sakatare ya ce daga yau Malama ce mai shafin, duk abin da ta ce a yi.

Wata uku na yi ina gini. Sabon shafin ya fito da taswirar gonaki, launin shuɗi na nuna inda ruwa yake, ga sunan kowa da hotonsa. Don in kai ga haka sai da na jawo ƙananan kayan aiki na mutane daban-daban masu ɗimbin yawa, kowanne ya dogara da wani, ban ma san adadinsu ba. Ranar da na nuna a Jiratawa manoma suka yi ta kabbara. Wasu sun ce yana jinkirin buɗewa a wayoyinsu, na ce su sake waya. Kawu bai zo ba. A shago muna gaisawa, muna cin abinci kwano ɗaya da rana, amma maganar shafi ta fita daga tsakaninmu, kuma wanda ya san mu a da ya san akwai abin da ya tsaya.

Shekara ta zagayo na yi aure, wata ta zagayo na haihu. Haihuwar ta zo da wuya, sai da aka yi mini aiki, aka mayar da ni gidan Inna jego. Tsakiyar bazara ce, lokacin da shuka ba ta jure ƙishin kwana biyu. Kwanana tara da haihuwa kamfanin da ke ajiye mana shafin a injinansa ya sabunta kayansa, ɗaya daga cikin abubuwan da na jingina da su ya daina tafiya da sabon tsarin, ya ja sauran suka zube. Shafin ya koma fari, babu ko harafi. A makon kuma famfo biyu sun lalace, an sauya layin ruwa gaba ɗaya, sabon layin yana cikin shafin da ba ya buɗewa. Sakatare ya daɗe da daina rubutawa a littafi, don ni na ce masa ba ya bukata.

Ban san ana ciki ba, Inna ta ɓoye wayata. Sai a rana ta uku da safe na ji sallamar Kawu. Ya shigo da jakar ordinatar a kafaɗa, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki bisa 'yar kujera, ya karɓi jaririyar ya yi mata addu'a, ya tambayi jikina. Sa'an nan ya faɗa mini abin da ya faru, a hankali, kamar mai ba da labarin wani gari. Ya ce jiya an kusa ba hammata iska a bakin famfo na huɗu, mutum biyu kowa na rantsuwa ranarsa ce.

Na yunƙura zan tashi, ɗinkin ya tsaya mini. Na ce ya ba ni injin. Na buɗe, rubutun kuskure ya cika fuskar, idona na ruwa, kaina na sarawa, na san ko da lafiyata aikin mako ne.

Kawu ya ce, "Kwana biyu ina karatun aikinki. Wallahi na yi ƙoƙari, ban gane ba. Laihin kaina ne, ya tsufa. Amma akwai wata magana. Tsohon shafin nan, ban kashe shi ba. Kowace Juma'a in na taso masallaci ina zama in kwahe abin da ke cikin naki in zuba a nashi. Sauyin wannan mako kaɗai ne babu, shi kuma na zauna da sakatare da masu kula da famfo mun tattaro shi jiya."

Shekara biyu yana wannan, da hannu, suna bayan suna, bai taɓa faɗa mini ba.

Na ce, "To Kawu mi kake jira? Ka maida shi mana!"

"Aikinki ne. Ni na ce a gaban mutum ke ce mai shafi. Ba ni taɓawa sai kin ce."

Na ce na ce. Ya buɗe injin a kan gwiwarsa, nan bakin ƙofa, Inna na dama kunun kanwa a bayansa. Kafin kunun ya huce ya kira sakatare ya ce a duba. Muna jin muryar mutumin ta cikin waya yana cewa ya fito, ya fito. Kawu ya rufe injin, ya sha kununsa, ya yi mana sallama. Ko a ranar ko bayanta bai taɓa ce mini ai na faɗa miki ba. Na jira kalmar har na gaji, da ya faɗe ta ma da na fi samun sauƙi.

Ba a fita lafiya ƙalau ba. Wani manomi ya rasa dashen tattasai na fage biyu saboda ruwansa ya wuce shi. Da na yi arba'in na je har gonarsa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, Allah ya raya abin da aka samu, amma bai kalle ni ba yana faɗa.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce tsoho ya yi gaskiya yarinya ta yi kuskure. Bai tsaya nan ba. Wajen wata takwas bayan haka wasu ɓarayin intanet suka sami kafa a tsohon shafin, suka cika shi da tallar caca. Kafar kuwa irin wadda aka daɗe da sanin maganinta ce, Kawu ne ya ƙi sabunta komai tsawon shekaru, wai abin da ke aiki ba a taɓa shi. Na zo shago na same shi zaune, hannu a haɓa. Ya jawo kujera kusa da tasa ya ce, "Ɗiyata, zo ki koya mani. Wagga ta hi ƙarhina." Mutum mai furfura, wanda bai taɓa amsa kuskurensa a gaban kowa ba ko a kan hanyar zuwa Tibiri.

Mako uku muka yi muna zaɓe, kuma su ne kwanakin da na fi jin daɗi a duk zamana da shi. Na kawo firamwok huɗu. Ni shafin farko nake dubawa, inda ake yabon abu. Shi kuwa sai ya wuce can ƙasa, wurin tarihin sauye-sauye, ya bi shekara bayan shekara da yatsa yana tambaya: sau nawa suka karya aikin mutanen da suka dogara da su? Idan sun fito da sabo, tsohon shekara nawa suke ci gaba da toshe masa kafa? Akwai bayaninsa da Faransanci, don wanda bai ji Turanci ba? Ɗaya ya jefar saboda mutum guda ne ke riƙe da shi. "In ya yi zuciya ya tahi noma fa?" Wani kuma ni na jefar, don ya tsufa har masu shi sun sake shi, Kawu na ta kare shi kamar ɗan'uwansa. Mun yi musu har mai shayin ƙofar shago ya leƙo ya ce lahiya dai.

A ƙarshe ya yarda a hau tsaiko, a kuma riƙa sabuntawa sau biyu a shekara ko ana so ko ba a so. Ni kuma na yarda a zauna a yaren da ya sani, wanda ko a Maradi za ka sami mai karanta shi, a ɗauki ƙaramin firamwok da ya haura shekara goma yana tafiya a hankali, shafi ya fito da rubutu zalla. Taswirata mai shuɗi ta tafi. Ya sa sharaɗi ɗaya kuma, cewa ba za a ce an gama ba sai mutum biyu da ba mu ba sun iya gyara shi. Muka koya wa wata malamar lissafi a Tibiri da wani mai shagon waya a Sabon Gari. Ranar da malamar ta ƙara sabon famfo a shafin da kanta, ba tare da ta kira kowa ba, Kawu ya aika aka sawo tsire.

Bara hawan jini ya buge shi, ya tafi da hannunsa na dama. Yatsun nan da ba su taɓa neman harafi ba suka kwanta a kan cinyarsa. Bai yi ƙorafi ba, amma ya hana a kawo ordinatar inda yake. Ni kuma na saba zuwa gaishe shi kowace Juma'a da safe. Juma'ar ƙarshe na same shi a tsakar gida bisa kujerarsa, ya rame, maganarsa na fita da nauyi. Ya tambaye ni me nake aiki a kai, na ce ɗan gyara ne a shafin ruwa, lissafin awowin kowane famfo.

"Karanta mani."

Na ce, "Kawu, kod ɗin, rubutun inji, zan karanta maka da baki?"

Ya lumshe ido, alamar e. Na fito da wayata na fara karantawa layi bayan layi, har da baka da waƙafi, Hajiya na tsintar shinkafa a gefe tana kallonmu kamar mun zautu. Na yi nisa, na ɗauka ma barci ya ɗauke shi, sai ya ɗaga hannun hagu.

"Tsaya. Wane ne x?"

Na ce lambar famfo ce.

"To ba shi da suna? Uwarshi ba ta yi mashi suna ba?"

Hajiya ta fashe da dariya har shinkafa ta zube. Na ce sauri nake yi shi ya sa. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce wanda zai karanta bayana bai san saurina ba, in kira shi famfo. Na ce to, zan gyara in na koma gida.

Ban gyara ba a ranar. Yarinya ba ta da lafiya, ga baƙi, na ce sai Litinin, Litinin ta zo na ce gobe. Sai bayan addu'ar bakwai, da gida ya watse, na zauna na buɗe aikin. Yana nan a layi na goma sha ɗaya da wasu wurare uku a ƙasa. Na goge shi a duka huɗun na rubuta famfo, na gwada, ya yi aiki kamar yadda yake yi da can. Babu manomin da zai taɓa sanin an sauya wani abu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin bakinsa don taushin zuciyarsa, ya shayar da shi kamar yadda ya yi sanadin shayar da gonakin mutane. Mu da muka rage, Allah ya sa mu bar aikin da na bayanmu za su iya karantawa.